AMFANIN GARKA, A TUKUNYAR DAMANA AKE GANINSA

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tsarnawa ta nufi Tawa cikin watan Fabrairu ko na Maris, ya ratsa ƙasar Tajaye, zai ga abin da ke faranta rai. Tumatir da albasa da shu da salati sun cika kasuwa, ƴan mata suna yawo da su bisa faifai gida-gida, mai garka kuwa shi ke roƙon mai saye, yana ƙara masa gyara don kada kaya su kwana. In mutumin nan ya sake bin hanyar cikin watan Yuli, zai iske labari ya sake. Uwargidan da ta zuba wa awaki ruɓaɓɓen tumatir wata huɗu da suka wuce, ita ce take aiken ɗanta wurin mai tebur ya sayo mata ɗan gwangwanin tumatir, wanda aka noma aka niƙa a ƙasar Sin ko a Italiya, ya ƙetare teku, ya hau mota har ya iso Adar. Albasar da magidanci ya sayar da buhu a kan kuɗi ƙalilan, ita ce yake sayowa ɗaya-ɗaya da tsada.

Wannan al'amari bai tsaya ga Tajaye kaɗai ba. Haka yake a Illela, babban garin gundumar da Tajaye take ciki, haka yake a Malbaza da Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ko'ina an iya yafa iri, an iya dashe, an iya ban ruwa. Abin da ya rage baya shi ne girbi cikin tsari da adana abin da aka girba. Saboda haka, a wannan lokaci da kayan garka suka fara nuna, ya dace a tuna wa jama'a da mahukunta magana guda: ba ranar da fangali ya yi kore shar ake auna garka ba, a tukunyar miya ake auna ta, cikin watannin da ba a tsinko kome daga fangali.

DARASIN 1984

Noman garka tsohon abu ne a wannan yanki. Tun kaka da kakanni mutanen kwarin Magiya da fadamun Adar suke haƙa rijiyoyi suna noman albasa, har garin Galmi, wanda yanzu yake cikin gundumar Malbaza, ya ara mata sunansa. Amma fari ne ya mai da garka zancen ƙasa baki ɗaya. Bayan farin 1973 da 1974, gwamnati ta kafa cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a 1975, ta kafa ofishin kula da filayen ban ruwa na ONAHA a 1978, aka kuma gina babban filin ban ruwa na Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2000, wanda madatsun ruwa na Mozage da Zango suke shayarwa. Da damanar 1984 ta ƙi, shugaban ƙasa na wancan zamani, Janar Seyni Kunce, ya yi kira ga ƴan ƙasa su rungumi noman rani. Duk inda aka sami tabki ko fadama ko rijiya maras zurfi, sai aka yi shinge aka ja fangali. Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa ɗanɗana shu ko karas ba, a wannan shekara suka san su.

Kiran ya karɓu, kuma ya ceci rayuka. Yau, bayan fiye da shekara 40, manyan motoci suna lodin albasa a Tsarnawa da Galmi da Madawa, suna kai ta Gana da Kodibuwa da sauran ƙasashen bakin teku. Sai dai darasin 1984 darasin gaggawa ne. Mai jin yunwa ba ya zancen ajiya, abin da zai sa a baki yau yake nema. Ta haka aka saba da auna noman rani da yawan hektar da aka shuka da yawan buhunan da aka ɗauka, ba a cika tambayar nawa ya ruɓe ba, balle a tambayi nawa ya kai damana.

Wanda wannan saba ta fi cuta shi ne mai ƙaramar garka ta cikin gari: ƴan fangalin nan biyar ko goma da ke bayan ɗaki, ko kusa da rijiyar unguwa, ko a bakin gari cikin shingen ƙaya, tare da zogale biyu ko uku a tsakar gida. Sau da yawa mace ce take kula da ita, da ita da ƴaƴanta, musamman a jahar Tawa, inda maza da yawa suke tafiya cin rani da zarar an gama kaka. Irin wannan garka ba za ta iya gasa da mai injin ban ruwa a kasuwa ba. Ranar da tumatirinta ya nuna, na kowa ya nuna, farashi ya faɗi. Ƙarfinta yana wuri guda, wato kusancinta da murhu. In aka adana abin da ta bayar, za ta ɗauke wa gida kuɗin cefane na wata da watanni, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu ya tafi wajen iri da aikin gona, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka sa yara gaba. Gaskiya ne, idan ruwa ya zauna, daji yakan ba da tafasa da lalo da gasaya. Amma daga ƙarshen bazara zuwa makonnin farko na damana babu ganye a daji, babu a garka. Tumatir da albasa kuwa tsadarsu takan kai har bayan kaka.

ADANAWA DAGA GIRBI TAKE FARAWA

Abin da aka girba da ganganci ba ya ajiyuwa, ko da an gina masa ɗaki na siminti. Don haka farkon abin lura shi ne yadda ake tsinka da lokacin da ake tsinka.

Ana tsinkar ganye da tumatir da kuɓewa da sanyin safiya, bayan raɓa ta bushe, ko kuma da la'asar sakaliya, a kai su inuwa nan take. Kayan da aka tsinka da tsakar rana sun riga sun ɗauki zafi, kuma zafin nan shi ke gaggauta laushi da ruɓa. Kuɓewa ba ta jira. Bayan kwana biyu ko uku sai a koma mata, a tsinke ta tana ƙarama, domin in ta ƙosa ta zama itace, ko an busar da ita ba ta yauƙi. Tumatirin da za a kai wani gari ana tsinkarsa da ya fara canza launi, wanda za a shanya kuwa sai ya nuna ja sosai, amma yana da ƙwari. Kada a jefa, kada a danne cikin kwando mai zurfi, domin duk wurin da ya ƙuje ƙofa ce ga ruɓa. A ware mai tabo a ci shi a ranar, kada a haɗa shi da lafiyayye.

Albasa tana da nata sharuɗɗa, kuma manoman Galmi sun san su. Wadda aka cika mata takin zamani irin na yuriya da ruwa har zuwa ƙarshe takan yi girma, ta yi nauyi a buhu, ta burge mai saye, amma ruwa ne ya cika ta, ba ta daɗewa a ajiye. Wadda ake nufin ajiyewa, ana yanke mata ruwa kamar kwana 10 zuwa 15 kafin a cire ta, a bari sai mafi yawan ganyen ya kwanta da kansa. In an cire, a bar ta ta sha iska ƴan kwanaki, ganyen wata yana rufe kan wata don kada rana ta ƙone ta, har wuya ya bushe ya tsuke. Sa'an nan a yanke ganyen, a bar kamar faɗin yatsa biyu ko uku bisa kai. Albasar da aka yanke wa wuya ɗanye, ta nan ruɓa take shiga. Matsakaiciya mai ƙwari, mai busasshen ɓawo, ita ake zaɓa don ajiya. Manya da masu kaurin wuya da waɗanda suka rabe biyu, su ake fara ci ko sayarwa.

Akwai kuma zancen maganin ƙwari, wanda bai kamata a yi masa sakaci ba. Kowane magani na ƙwarai yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma an rubuta shi a jikin kwalba. Shanya ba ta kawar da guba. Wanda ya yi feshi jiya ya tsinka yau, ya shanya ya ajiye, ya ajiye wa iyalinsa cuta ne ta wata shida. Nan amfanin karatu yake fitowa fili: wanda ya yi makarantar yaƙi da jahilci ya iya karanta lamba, ya iya rubuta ranar da ya yi feshi, in kuwa rubutun da harshen da bai sani ba ne, ya san ya nemi malamin gona. Maganin da ba shi da takarda a jikinsa, wanda ake ɗurawa cikin kwalabe ana sayarwa a kasuwa, bai dace da garkar da yara ke ci daga cikinta ba.

RANA DA INUWA DA ISKA

Allah ya hore wa wannan ƙasa abin busarwa wanda ba a biya. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iska busassa ce, rana kuwa a bazara takan wuce digiri 40. Hikimar amfani da su ma ba baƙuwa ba ce. Mahauta suna shanya nama su yi kilishi, matan Buzaye da na Fulani suna busar da madara su yi cuku, kowane gida ya san kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono da gabu da kauɗa. Dalilin abin ɗaya ne: ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su rayuwa sai da ruwa, in aka janye ruwan an ɗaure musu hannu. Tumatir, kusan kashi 94 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, don haka kilo 10 na ɗanye ba ya cika kilo ɗaya in ya bushe. Abin da ya cika kwando ya koma abin da zai shiga ƙaramin tulu, amma ɗanɗanonsa da jansa suna nan suna jiran ruwan miya.

Inda gyara yake shi ne tsabta da sanin abin da ke son rana da abin da ke son inuwa. Kowa ya sha ganin tumatir da barkono an baza su a ƙasa, ko a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kansu, kaji da awaki suna ratsawa. Kauɗar da aka yi haka takan yi baƙi, ta cika da yashi, har uwargida ta raina ta, ta fi son gwangwani. Laifin na shanyar ne. In aka wanke tumatir da ruwa mai tsabta, aka yanka shi da wuƙa mai tsabta, kauri ɗaya, aka ɗan barbaɗa gishiri, aka jera shi bisa tabarma ko raga a kan rumfa mai tsawon ƙugu, wurin yankan yana duban sama, aka rufe da siririn ƙyalle saboda ƙuda, da dare a shigar da shi ɗaki, cikin ƴan kwanaki za a sami kauɗa ja mai ƙamshi, wadda ba a jin kunyar kai ta kasuwa. Haka ake yi wa kuɓewa da tattasai da barkono da yankakkiyar albasa.

Ganye kuwa, wato zogale da alayyahu da yakuwa da rama da ganyen wake, inuwa yake so. Rana tana kashe masa kore, kuma tare da koren nan sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A yake lalacewa. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, yana kuma raunana yaro gaban cututtuka. Saboda haka a wanke ganye, a tsane shi, a baza shi ba da kauri ba cikin ɗaki ko rumfa mai shan iska, ana juyawa. Wanda ya tsoma shi cikin tafasasshen ruwa minti biyu ko uku kafin shanya, zai ga ya fi riƙe launinsa. In ya bushe har yana karyewa a hannu, ya yi. Ganyen albasa ma ba abin yarwa ba ne: a daka, a dunƙule, a shanya, shi ne gabun da ke gyara miya.

Bayan busarwa sai ajiya, kuma a nan ake yawan asara. Busasshen kaya abokan gabansa uku ne: laima da ƙwari da haske. Danshin watan Agusta yana iya mai da aikin wata guda funfuna cikin mako ɗaya. A zuba kayan cikin tulu ko kwalba ko bokiti mai murfi, busasshe sarai, a toshe baki, a ɗora bisa wani abu nesa da ƙasa, cikin duhu. A raba su ƙananan ma'ajiyai, don kada a riƙa buɗe duka kullum. Kada a yi amfani da buhun taki ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, kada kuma a barbaɗa hodar magani a kan abin da za a ci. Duk wanda ya yi funfuna a zubar, domin wanki ba ya gyara shi.

Wanda yake da hali, kafinta na gari zai iya haɗa masa akwatin shanya: katako da raga da farar leda a sama, baƙin fenti a ciki, da ƙofofin iska a ƙasa da bisa. Yana hana ƙura da ƙuda, yana gaggauta bushewa. Nijar ta riga ƙasashe da yawa nazarin amfani da hasken rana, tun da aka kafa ofishin ONERSOL a 1965, wanda marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta shekaru masu yawa. Abin kunya ne a ce a ƙasar da ta yi wannan suna, har yanzu a gefen kwalta ake shanya abin miya.

RUDU DA RANDA

Ba kowane abu ake busarwa ba. Albasa guda-guda ana ajiye ta cikin rudu, wato ɗakin kara da ciyawa wanda aka ɗaga ƙasansa bisa itatuwa don iska ta ratsa. Mai ƙaramar garka ba ya bukatar babban rudu. Ƴar rumfa mai inuwa, wadda ruwan sama ba ya shiga, da gado na kara a ciki, ta isa. Sharaɗin shi ne kada a tula ta da yawa, kada a ɗaure ta cikin buhun leda, kuma a riƙa dubawa duk mako ana fitar da wadda ta yi laushi ko ta tsira. Albasa ƴar Galmi ta yi suna wajen jure ajiya, in an bi ta da kyau takan yi watanni. Kabewa da ta ƙosa, in an yanke ta da guntun hannunta, ita ma takan daɗe a inuwa ba tare da wata wahala ba.

Don ɗanyen kaya na ƴan kwanaki akwai dabarar randa cikin randa. Ana sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba tumatir ko tattasai ko yalo cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Yayin da ruwan yake tsatsowa ta jikin babbar randa yana bushewa, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda ruwan tulu yake yin sanyi. Wani malamin makaranta na jihar Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan ƙasar Hausa cikin shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kayan da ke lalacewa cikin kwana biyu ko uku suna iya kai mako biyu. Dabarar ta fi aiki da rani, lokacin da iska take busassa, kuma ba a sa albasa a ciki, domin ita laima ce ba ta so.

Wasu ƙungiyoyin mata sun koyi niƙa tumatir su dafa shi ya yi kauri, su ɗura cikin kwalabe masu tsabta, su toshe, su sake tafasa kwalaben cikin ruwa. Hanya ce mai kyau, amma tana son a koye ta wurin wanda ya sani. Tsamin tumatir shi ke taimaka masa. Kuɓewa da wake da karas ba su da wannan tsami, in aka toshe su cikin kwalba a gida wata muguwar guba tana iya tasowa, wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Su busarwa ta fi musu.

UZURIN MAI GARKA

Mai garka yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce bashi yake binsa: na iri, na taki, na man inji, kuma mai bashi ranar girbi yake zuwa. Uwargida za ta ce tsakanin ɗiban ruwa da daka da surfe da reno, yaushe za ta zauna yankan tumatir? Wani zai ce ya taɓa ajiye albasa, rabi ya ruɓe, gara da ya sayar tun farko. Duk waɗannan gaskiya ne. Albasar ajiya takan rage nauyi, wata takan lalace ko an yi hattara.

Amsar ita ce ba a ce a ajiye duka ba. A raba amfanin garka kashi uku: na ci yanzu, na sayarwa don biyan bukata, da na ajiya, kuma a fitar da na ajiya tun farko, daga mafi kyawun kaya, kada a jira sai abin da kasuwa ta ƙi. Wanda ya iya lissafi ya ɗauki littafi ya rubuta farashin buhun albasa a watan Maris, ya sake rubutawa a watan Oktoba. Sau da yawa zai ga ya ninka biyu ko uku. Ya rubuta kuma abin da gidansa ke kashewa kullum wajen tumatirin gwangwani da albasa daga Yuni zuwa Oktoba, ya haɗa jimla. Alƙalami zai gaya masa abin da wa'azi ba zai gaya masa ba. Zancen lokaci kuwa, aikin gayya ya san maganinsa: mata biyar da suka haɗu suka yanka na wannan yau, na waccan gobe, sun gama kafin hira ta ƙare. Magidanta da samari su ma su sa hannu, domin kafa rumfa da gina rudu aikinsu ne.

Akwai wani dalili kuma wanda mutanen Ƙonni suka fi kowa sani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ƙofar Illela ta Najeriya, wadda ke fuskantar Ƙonni, ba sai a Disamba na 2020. Daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024 iyakar ta sake rufuwa. Kowane karo, mai ɗanyen kaya ya rasa inda zai kai su, mai saye kuma ya ga tsadar abin da ke shigowa daga waje. Gidan da ke da tulun kauɗa da na kuɓewa da ƴar albasa a rumfa, rufe hanya bai hana shi miya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN DA KE KAN HUKUMA

Nauyin ba na talaka kaɗai ba ne. Na farko, ma'aikatan gona na gundumomin Illela da Malbaza da Ƙonni su ƙara layi guda cikin rahotonsu na noman rani: ban da hekta da buhu, a rubuta abin da aka busar da abin da aka ajiye da abin da ya lalace. Abin da ba a ƙidayawa ba a gyara shi. Malamin gona kuma kada ya ɗauka aikinsa ya ƙare ranar da aka raba iri. Watan girbi ne ya fi kamata a gan shi cikin garake.

Na biyu, magadan gari da sarakuna da masu unguwanni su keɓe wa mata wurin shanya, mai shinge, nesa da hanyar mota da juji, kamar yadda ake keɓe wa mahauta wuri. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma kamar ta Tajaye ba: fili, da waya, da ƴan rumfuna. Su kuma kare filayen garka na bakin gari, don kada rabon fegi ya cinye su.

Na uku, makarantun yaƙi da jahilci su mai da wannan zance darasi. Awo da kilo, ƙidayar kwanaki bayan feshi, rubuta kwanan wata a jikin tulu, lissafin riba da asara, duk karatu ne mai shiga tukunya. Garkar lakwal ita ma kada ta tsaya ga koya wa yara ban ruwa, a kai su har ga shanya da ajiya. Gidajen rediyo na karkara su maimaita bayanin cikin Hausa da Buzanci da Fulatanci a daidai lokacin girbi.

Na huɗu, a dubi zancen bashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Nijar suka san tsarin ajiye amfanin gona a sito a matsayin jingina, a karɓi rance, a sayar in farashi ya tashi. An fi yin sa da hatsi da wake da gyaɗa. Busassun kayan miya, tun da ba su lalacewa da wuri, sun cancanci a gwada su cikin wannan tsari, domin ƙungiyoyin mata su huta da sayarwar dole.

A 1984 an ce wa ƴan ƙasa su shuka, suka shuka, ƙasa ta ga amfaninsa. Abin da ya rage shi ne a cika aikin. Duk mai fangali a Tajaye da kewaye, kafin ya kai kwandon farko kasuwa bana, ya ware na shanya, ya wanke tulu, ya gyara rumfa, ya rubuta ranar. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya sa albarka cikin abin da aka shuka, ya kai kowa damana lafiya.